Shago Ya Kashe Amarya, Amma Laifin Nawa Ne

Kada mai karatu ya ga kan wannan magana ya zaci labarin kotu na kawo masa. Shago da Amarya duk kifaye ne, ko wannensu bai kai tsawon babban yatsan hannuna na tsakiya ba, abin kuwa ya auku ne a cikin wata tasar gilashi a kan tebur, a ɗakina da ke Jekadafari cikin garin Gombe. Amma dai rai aka rasa, kuma ni na jawo, saboda haka na ga ya kamata in ba da labarin tun daga tushe, ko Allah Ya sa wani mai sha'awa irin tawa ya kauce wa ramin da na faɗa.

A ƙarshen shekarar 2022 aiki ya kai ni Abuja. Ran da zan komo na ratsa wani kanti inda ake sayar da kifin ado, domin in kashe ƙwarƙwatar ido kawai. A kan wani kanta na tarar an jera ƙananan kwalabe, ko wace da kifi guda ɗaya tak, an kuma tsaga kwali an sa tsakanin kwalba da kwalba. Na tambayi mai kantin dalilin kwalin. Bai ba ni amsa ba, sai ya zare guda. Nan take kifayen nan biyu da ke kwance lamo suka miƙe, suka baza fukafukai da wutsiya kamar an buɗe laima, suka buɗe marfin kumatunsu, launinsu ya ƙara turuwa, ko wanne yana dukan gilashi da baki yana neman ɗan'uwansa. Ya mai da kwalin, suka kwanta kamar ba su ba. Ban bar kantin nan ba sai da ja daga cikinsu a cikin leda. Na rungumo shi a cinya tun daga Abuja, ta Jos, ta Bauchi, har Gombe, fasinjoji suna ta yi mini dariya. Da muka iso gida na sa masa suna Shago, sunan shahararren ɗan damben nan da Ɗan Anace ya yi wa waƙa.

Wannan kifi shi Turawa ke kira beta. Asalinsa ƙasar Tailan ne, wadda ake kira Siyam kafin 1939, da maƙwabtanta na yankin kogin Mekon. Can yana zaune ne a fadamun shinkafa da kududdufai da lambatu masu ciyawa, inda ruwa ba shi da zurfi kuma ba ya gudu. Mutanen ƙasar suna ce masa pla kat, watau kifi mai cizo. Sunan da masana suka san shi da shi, Betta splendens, wani Bature masanin kifi na Landan mai suna Charles Tate Regan ya raɗa masa a 1910, a 2019 kuwa gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Wani bincike na ƙwayoyin halitta da masana na Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka jagoranta, aka buga a 2022, ya nuna an fi shekara 1,000 ana kiwonsa. To, me aka daɗe ana kiwonsa dominsa? Faɗa. Ana zaɓen wanda ya fi zafin rai a ba shi mace, a zaɓi mafi zafin 'ya'yansa a sake, haka har iyaye da kakanni. Masu dogayen fukafukai da launi iri-iri da ake sayarwa domin ado daga baya aka fitar da su, amma jinin gidan yana nan. Duk wannan ban san shi ba a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne ina da jan kifi mai kyau, baƙi suna zuwa kallo.

Wata safiya na ga kumfa ta taru a gefen tasar, fara sol, kamar an wanke hannu da sabulu. Na zaci ruwan ne ya ɓaci, na zubar na sake sabo. Kashegari ta komo. Da na buga wa mai kantin waya, sai ya ce ai sheƙa ce, namijin ke gina ta da bakinsa domin ƙwai, alamar yana neman aure ke nan. Nan fa kwaɗayi ya shige ni. Na lissafa abin da na biya a kan kifi ɗaya, na ji an ce mace tana zuba ƙwai ɗari ko fiye, na yi ta ninkawa a zuci kamar mai kirga ƙwan da kaza ba ta saka ba. A watan Fabrairu na 2023, ana tsakiyar wahalar takardun kuɗi da canjin naira ya haddasa, mutane suna kwana a layin banki, ni kuwa na ƙuƙuta na biya aka ba direban mota wata 'yar shuɗiyar mace ya kawo mini. 'Yata, wadda a lokacin ba ta wuce shekara shida ba, ita ta sa mata suna Amarya. Na sake tambayar mai kantin yadda ake yi. Ya ce, "Oga, ka zuba su wuri ɗaya kawai, su suka san sauran."

Kwananta biyu a gidan, ko gajiyar hanya ba ta sauke ba, na juye ta cikin tasar Shago. Ranar kuwa Asabar ce, 25 ga Fabrairu, ranar zaɓen shugaban ƙasa. Na tsaya na minti biyar ina kallo, na ga ya baza fukafukai yana zagaya ta, na ce madalla, ango ya yi na'am. Na rataya katin aiki a wuya na fita. Wanda ya san aikin jarida ran zaɓe ya san ba a maganar komowa da wuri. Daga rumfa zuwa rumfa, daga nan zuwa wurin tattara sakamako, ban taka gida ba sai bayan sallar asuba.

Na tarar da ita a ƙasan tasar, a kwance ta gefe ɗaya. Wutsiyarta ta zama kamar tsohuwar tsintsiya, ɓawon bayanta ya ɗaye, shuɗin nan duk ya koɗe ya koma toka-toka. Da sauran numfashi. Na kwashe ta da ludayi na sa a kofi, kafin hantsi ta cika. Yarinyar ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi mini: "Baba, da ka ga yana cizonta me ya sa ba ka raba su ba?" Na ce ba na nan. Ta ce, "To me ya sa ka tafi?" Na sha yi wa manyan mutane tambayoyi suna kame-kame a gabana, ran nan na ɗanɗana abin da suke ji.

Fushina duk a kan Shago ya sauka. Har na ɗauki tasar zan watsa wa kaji shi a tsakar gida, sai maiɗakina ta tare ni. Ta ce, "Malam, ko a cikin mutane wa ya taɓa kai amarya ba zance, ba toshi, ba sa rana, a tura ta ɗaki a ja ƙofa a sa kwaɗo, a tafi kallon zaɓe? Kai ka ɗaura wannan aure, kai ne waliyyi, kai ne kuma ka tafi da mabuɗi." Na ajiye tasar. Ba na son kwatanta kifi da mutum, domin kifi ba shi da hankalin da za a tuhume shi, kuma namijin mutum da ya ɗaga hannu a kan matarsa ba shi da uzurin da Shago ke da shi. Amma maganar mabuɗin nan ta zauna mini.

Bayan an gama hayaniyar zaɓen gwamnoni a watan Maris, wani aiki ya kai ni Dadin Kowa, garin da madatsar ruwan kogin Gongola take, inda ruwan famfon Gombe ke fitowa. Can na san wani dattijo mai ƙyanƙyasar tarwaɗa, na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, mu nan ba mu da wannan matsala, domin namijin tarwaɗa yanka shi muke yi. Mace a yi mata allura, in ƙwan ya nuna a matse cikinta a tasa, namiji a farke shi a ciro maniyyin a gauraya. Angon namu ko ganin amarya ba ya yi." Amma ya ce karfasa tana da irin wannan hali. Namijinta yakan haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa ya tsare shi, duk wanda ya matso ya kore shi, in kuwa aka kulle shi a ƙaramin tanki da macen da ba ta shirya ba, yana iya kashe ta. Bai taɓa ganin beta ba, amma ya tambaye ni girman tasar, na nuna masa da hannu. Ya ce me na sa a ciki? Na ce ruwa. Ya ce ban da ruwa fa? Na ce babu. Ya girgiza kai ya ce, "A kogi in ya kore ta, gudu take yi ta shige ciyawa, shi kuma ya koma bakin raminsa. A tasarka ina za ta?" Na ce, "Baffa, babu." Ya ce, "To kai ka kama masa ita."

Daga nan na duƙufa karatu, dare bayan dare, a intanet da duk abin da na samu na masu kiwon wannan kifi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani abu game da numfashinsa. Beta yana da wata gaɓa a cikin kansa wadda ke ba shi ikon shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa yake rayuwa a ruwan da wani kifin zai mutu, kuma tilas ne ya riƙa tasowa yana kurɓar iska lokaci-lokaci. Watau ko da Amarya ta lafe a ƙasa, dole ta taso, shi kuwa saman ruwa nan ne fadarsa, nan sheƙarsa take. Duk tasowar da za ta yi a cikin yinin nan da daren nan sai ta faɗa bakinsa. Na kuma gane cewa namiji ba ya ganin mace a matsayin mace sai ta nuna masa alamun shiri. In ba ta nuna ba, baƙo ce da ta shigo masa gona, hukuncinta ɗaya da na namiji ɗan'uwansa. Tawa kuwa ga yunwa, ga gajiyar mota, ga ƙanƙanta, domin bai fi ta da kaɗan ba, ya kusa ninka ta.

Na bar maganar har zafin bazara ya wuce, don a watan Maris da Afrilu ruwan ɗakina yakan haura digiri 30, kifin kuwa ya fi son 26 zuwa 28. Da damina ta kankama, a watan Yuli, na sa aka kawo mini wata macen, na ce lalle a zaɓo babba wadda ta kusa kai shi jiki. Yarinya ta ce ita ba za ta sa wa wannan suna ba. Kakarta ce, da ta ji labari, ta ce a kira ta Barmani, sunan da ake sa wa 'yar da aka haifa bayan an yi ta rashi.

Mako biyu ko wannensu yana kwalbarsa, da kwali a tsakani, ina ɗura musu abinci mai rai. Abincin kuwa tsutsar sauro ce, wadda ke wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta. Maƙwabta sun sha kallo: magidanci da gemunsa, tsugune a bakin fasasshiyar randa da rariyar shayi, yana tace ruwan sama. Wani ya ce ko aikin jaridar ne ya fara taɓa ni. (Wanda zai yi haka ya kwashe tsutsar kullum ya kuma zubar da ruwan da ya rage, kada garin kiwon kifi ya yi kiwon zazzaɓi.) Na sa mai yankan gilashi ya haɗa mini akwati mai cin lita 40, amma ruwan da na zuba bai wuce zurfin inci biyar ba, ruwan famfo ne da na bari a buɗe kwana biyu domin sinadarin kulorin ya fice. A kusurwa ɗaya na ɗora busasshen ganyen almon na Indiya, itacen nan mai faffaɗan ganye da ake dasawa a harabar makarantu da ofisoshi, yara suna fasa ƙwallonsa. Masu kiwo a Tailan sun daɗe suna amfani da shi, yana mai da ruwa kamar shayi marar kauri, namiji kuma yana son gina sheƙa a ƙarƙashinsa. A ɗaya kusurwar, can nesa da ganyen, na kifa katangar tukunya mai ƙofa biyu, na cusa ciyawar ruwa mai yawa wadda ta taso tun daga ƙasa har sama, yadda mai gudu za ta iya kurɓar iska ba a gan ta ba. Na rufe akwatin da gilashi, domin kifin yana tsalle, iskar fanka kuma tana fasa kumfa.

Sauran dabara ɗaya, ita ce ta fi burge ni, domin kayanta yana cikin tarkacen ko wane tsohon gida: ƙwan fitila, irin na fitilar ƙwai da muka yi karatu da ita muna yara. Na sa Shago a akwatin ya kwana biyu shi kaɗai, sa'an nan na tsayar da ƙwan fitilar a tsakiyar ruwa, bakinsa ya ɗara saman ruwan, na saka Barmani a ciki. Yana ganinta, tana ganinsa, baki ba ya kaiwa. Zancen da maiɗakina ta ce ban yi ba ke nan.

Ranar farko dukan gilashi kawai ya yi ta yi, ko kumfa ɗaya bai tofa ba. Ita kuwa ta koɗe, ta tsuke fukafukai, wasu layuka biyu suka fito mata a kwance daga kai zuwa wutsiya. Wannan alamar tsoro ce. A rana ta uku ya fara gini, na ga sheƙa ta kai faɗin tafin hannu, sai gaggawata ta dā ta motsa, na ɗaga ƙwan fitilar. Ashe ban warke ba. Bai yi wata-wata ba ya bi ta, ya yage mata gefen wutsiya, ta shige tukunya, ya bi ta ciki, ta fita ta ɗaya ƙofar ta faɗa ciyawa. Ya bar sheƙar gaba ɗaya ya koma farauta. Bambancin wannan karo da na farko shi ne ina zaune a wurin da 'yar koma a hannu. Da na ga an yi kusan awa ɗaya bai waiwayi sheƙa ba, na tsamo ta. Mako guda tana jinya a ruwa mai tsabta da ganyen almon, yagewar ta fara haɗewa.

A nan ne mai kiwo ke bukatar ido, domin ba a yin wannan aure ba tare da ɗan cizo da kora ba, wanda kuma ya raba su tun a cizon farko ba zai taɓa ganin ƙwai ba. Abin dubawa shi ne inda hankalin namijin yake. In ya kore ta ya koma ya ƙara kumfa, ya dawo yana karkaɗa jiki a gabanta, ya juya ya nufi sheƙa kamar mai cewa biyo ni, to nema yake yi. In kuwa ya manta da sheƙa, yana kai baki ga cikinta da kumatunta, ita kuma ta daina gudu ta kwanta, to kisa ya nufa, sai a tsamo ta nan take. Masu kiwo sun ce akwai namijin da ko an yi masa me ba ya gyaruwa, irin wannan sai a bar shi da gwaurancinsa. Na ƙudura cewa in Shago ya sake a karo na gaba, shi ke nan na sallame shi.

Na mai da ita ƙwan fitila, wannan karon har kwana huɗu. A rana ta huɗu jikinta ya yi duhu, layukan suka juya suka zama a tsaye kamar zanen jakin dawa, cikinta ya yi tulu, wani ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gishiri ya fito fili a ƙarƙashinsa. In ya matso, maimakon ta ja da baya, sai ta sunkuyar da kai tana neman hanyar fita wurinsa. Na nemi hutun kwana uku a ofis. Da shugabana ya tambayi dalili na ce ɗaurin aure ne a gida, ban kuwa yi ƙarya ba.

Na sake ta da safe. Ya kore ta sau uku ko huɗu, ta ɓuya, ya koma gini. Wajen azahar sai ga ta ta fito da kanta, kai a sunkuye, ta shiga ƙarƙashin ganyen. Suka yi ta zagaya juna, sa'an nan ya naɗe ta da jikinsa kamar zobe, ya juyar da ita ciki sama, suka tsaya cik. Sai fararen ƙwai ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, suka fara zubowa. Ita ta yi sumam tana shawagi kamar matacciya, har yarinya ta riƙe mini riga, amma jim kaɗan ta farfaɗo. Shi kuwa ya nutsa yana tsince ƙwan ɗaya-ɗaya kafin su kai ƙasa, ya taso ya tofa su cikin kumfa. Bakin nan da ya yayyaga Amarya, shi ne ya ɗauki ƙwai fiye da ɗari bai fasa ko ɗaya ba a kan idona. Suka yi ta maimaitawa har wajen la'asar. Da ƙwai ya ƙare, a cikin minti ɗaya ya koma Shagonsa na dā, ya fatattake ta. Yanzu kam ko ita abokiyar gaba ce, domin mace takan ci ƙwan. Na tsamo ta.

Kwana ɗaya da rabi ƙwan ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna rataye a kumfa, wutsiya ƙasa, kamar gashin ido. Wanda ya faɗo, uban ya bi shi ya ɗauko ya mayar, dare da rana, ko abinci bai kula ba. Na bar masa 'yar fitila mai caji a gefe domin ya riƙa gani in an ɗauke wuta. In na kawo yatsa kusa da gilashi sai ya taso mini da dukan ƙarfinsa, ni da nake ciyar da shi. Bayan kwana uku da 'ya'yan suka fara iyo da kansu, shi ma na fitar da shi, don daga nan yana iya fara ganinsu a matsayin abinci.

Renon 'ya'yan wani dogon labari ne, da yawa sun mutu a makon farko saboda ban iya abincinsu ba. Guda 26 suka rayu. Da suka kai wata uku mazan suka fara nuna halin gidansu, sai ga ni ina bin gidajen 'yan'uwa ina roƙon kwalaben Bama da aka gama da su, ko wane namiji da tasa, da kwali a tsakani, ina canja ruwa duk bayan kwana biyu. Ribar da na lissafa tun farko ban gan ta ba har yau. A majalisarmu wasu samari suka ba ni shawara in riƙa haɗa mazan faɗa ana sa kuɗi, wai nan kasuwar take. Na ƙi. Malamanmu sun hana haɗa dabbobi faɗa, akwai hadisi a kan haka a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi, ga kuma caca a kai. Ban da haka ma, na riga na ga abin da bakin nan ke yi wa jiki.

Shago ya mutu cikin hunturun ƙarshen 2024, da tsufa da sanyi, yarinya ta binne shi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Barmani ta bi shi bayan 'yan watanni. Wani ɗan maƙwabcinmu da na ba ɗaya daga cikin jikokinsu ya zo ran nan da murnarsa, wai kifinsa ya yi kumfa, in taimaka masa da mace. Na ce ya je ya samo akwati mai faɗi da katangar tukunya, ya kuma jira a yi hutun makaranta. Ƙwan fitilar kuwa na ce zan ara masa, amma ni zan zo in ɗaga shi da hannuna.